SUNAN ƘASA BA YA YANKA

Duk ranar kasuwa, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ana ganin mutane tsugunne gaban mai koli suna jujjuya wuƙar aljihu, irin mai naɗewa. Makiyayi na son ta don igiya da fiɗa, manomi na son ta don gona, baduku na son ta don fata. Tambayar da kowa ke fara yi ɗaya ce: "Ta wace ƙasa ce?" In an ce ta Faransa ce ko ta Jamus, sai mai saye ya zaro kuɗi ba gardama. In an ce ta Sin ce, sai ya aje ta ya wuce. Wannan al'ada ta cancanci a dube ta da kyau, domin gumin talaka ne ke tafiya a cikinta.

Ba banza ba wasu garuruwa suka yi suna. Garin Tiyer na Faransa da garin Solingen na Jamus da garin Shefil na Ingila sun yi ɗaruruwan shekaru suna ƙira, ɗa ya gaji uba. A Shefil ne Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a shekarar 1913. A Faransa, Joseph Opinel ya soma ƙera wuƙarsa mai ƙotar icce a 1890, kuma a 1955 aka ƙara mata zoben da ke kulle ruwan wuƙa don kada ya rufe kan yatsa. Gidan ƙirar da ya daɗe haka yana tsoron ɓata sunansa, don haka yake tsare aikinsa. Wannan gaskiya ce, ba mai musun ta.

Amma tarihi ya nuna cewa sunan ƙasa yana hawa yana sauka. A 1887 Ingila ta yi doka ta tilasta a rubuta ƙasar asali kan kayan waje, da nufin jama'a su gane kayan Jamus su guje su, don a lokacin ana ɗaukar su kayan araha marasa ƙarko. Ba a jima ba maƙeran Jamus suka gyara aikinsu, har rubutun da aka yi don ƙyama ya koma abin alfahari. Wanda ya yi hukunci da sunan ƙasa a wancan zamani ya yi kuskure. Haka yau, a ƙasar Sin akwai masana'antun da ke fid da tarkace, akwai kuma waɗanda manyan kamfanonin Amurka da Turai ke ba aikin ƙera wuƙaƙensu masu tsada.

Sa'an nan suna yakan yi ƙaura ya bar ƙasarsa. Wuƙar Okapi, wadda aka sani a kasuwannin Afirka da yawa, a Solingen aka fara yin ta a 1902, amma a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Laguiole sunan wani ƙauye ne a kudancin Faransa, ga shi kuwa wuƙaƙe masu yawa da ke ɗauke da wannan suna a Pakistan da Sin ake ƙera su. Akwai ma misalin da ya shafi wannan ƙasa. Gidan Cognet na Tiyer, wanda ke yin wuƙar Douk-Douk tun 1929, ya fid da wata irinta mai suna El Baraka, an zana mata a ƙota alamar nan ta maƙeran Abzin da ake kira kuros ta Agadas. Alamar ta Agadas ce, ƙirar ta Faransa ce. Ashe abin da aka zana bisa wuƙa ba kullum yake faɗin inda aka hura mata wuta ba. Balle kuma jabu: buga hatimin ƙarya ya fi ƙera wuƙar kirki sauƙi nesa.

To, mi ke sa wuƙa ta yi kyau? Da farko ƙarfenta. Baƙin ƙarfe yana wasuwa da sauƙi a dutse kuma yana kaifi ƙwarai, sai dai yana tsatsa in ba a goge shi an shafa mai ba. Farin ƙarfe, wanda aka gauraya da sinadarin kurom fiye da kashi 10 cikin 100, ba ya tsoron damina, amma mai arahar cikinsa ba ya riƙe kaifi. Na biyu shi ne gashi. Kowane maƙeri ya san cewa sai an gasa ruwan wuƙa ya yi ja, an tsoma shi a ruwa ko mai, an sake ɗumama shi kaɗan, kafin ya yi tauri ba tare da ya zama mai karyewa ba. In gashi ya gaza, wuƙa ta dakushe tun yankan farko. In ya wuce kima, bakinta ya ɓantare a ƙashi. Na uku shi ne haɗi, watau ƙusar da ruwan ke juyawa a kanta da ƙarfen da ke riƙe shi in an buɗe. Wuƙar da ke girgiɗi wata rana za ta rufe kan yatsun mai ita, kuɗin magani ya fi kuɗin wuƙa.

Duk waɗannan abubuwa ana iya gwada su a gaban mai kaya. Gani ya kori ji. Mai saye ya buɗe ta ya rufe sau da yawa, ya kaɗa ruwan hagu da dama ya ji ko yana motsi, ya yanka takarda ko igiya, ya duba ko rubutun hatimi ya fito sarai. Ya tambayi mahauci ko baduku irin da ta daɗe a hannunsa, domin mai aiki da ita kullum ya fi mai talla sanin halinta. Ba a cinikin biri a sama.

Hukuma ma tana da nata nauyi. Wajibi ne ma'aikatan duwan da masu kula da ciniki su sa ido kan kayan da ke shigowa da sunan aro. Ɗan kasuwa yana da ikon saida wuƙar kowace ƙasa, amma ba shi da ikon kiran ta da sunan da ba nata ba, ya amshi kuɗin na gaske. Wannan ha'inci ne. Kuma kada son kayan waje ya sa a manta da maƙeran gida, waɗanda ke fid da wuƙaƙen yanka masu kaifi daga tsohon ƙarfen mota. Mai saye ya san runfarsu, in aiki ya ɓaci ya san inda zai koma.

Saboda haka sunan ƙasa shaida ce guda cikin shaidu, ba ita ce alƙali ba. Wanda ya iya karatu ya karanta hatimi da kyau, ya karanta wa ɗan'uwansa da bai iya ba, sa'an nan su gwada wuƙar da hannu kafin kuɗi ya fita aljihu.