Dokin Turke Ba Ya Tafiya Mai Nisa



Bara da babbar salla na ga abin da har yau bai fita raina ba. Wani maƙwabcinmu ya yi wata da watanni yana ɗura wa dokinsa gero da dusa a turke, ko kilisa ba a fita da shi. Doki ya yi ɓul-ɓul, kowa na cewa tubarkalla. Ran hawa samari suka karɓe shi, wannan ya sauka wancan ya hau, tun hantsi har azahar, sannan aka ce a je ƙauye gaisuwa a dawo. A hanyar dawowa ya tsaya cik, jiki na rawa, gumi ya ƙafe. Ran na uku ya mutu. Mutane suka ce baki ne. Ni dai a ganina rashin horo ne.

A darasin hadisi mun karanta, cikin Buhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Umar, cewa Manzon Allah (SAW) ya sa an yi tseren dawaki kashi biyu. Waɗanda aka yi wa horo sun tashi daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, mil 5 ko 6. Waɗanda ba a yi wa ba, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ kawai, mil guda. Horon nan Larabawa na ce masa tadmir: a ciyar da doki har ya murmure, sannan a rage masa abinci, a lulluɓe shi ya yi gumi har kitse ya zube. Ban ce mu lulluɓe doki da bargo a zafin watan Afrilu ba. Abin lura shi ne ba a ba kowane doki nisa ɗaya ba.

Wani zai ce, ai kakanninmu sun yi tafiyar kwanaki bisa doki ba tare da wannan dogon Turanci ba. Gaskiya ne, amma nasu kullum yana kan hanya, kasuwa, gona, fada. Yau babur ya karɓe wannan aikin, doki kuwa yana tsaye yana ci.

Horon ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Makonnin farko takama kawai, da sanyin safiya, kamar rabin awa. Daga baya a shigo da sassarfa, a riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan, ana ba shi ranar hutu. Sukuwa ita ce ta ƙarshe. Inda ake ruɗuwa shi ne, numfashin doki yana ƙarfi cikin ƴan makonni, sai ka ga ya daina haki ka ce ya shirya, alhali jijiyoyin ƙafa da ƙashi sai sun yi watanni. Rairayi mai zurfi ma yana wahal da jijiya, kada a matsa masa a ciki. Harawa da ciyawa su fi hatsi yawa, a ba shi gishiri ko ƴar kanwa, in an iske ruwa a hanya kuma a bar shi ya sha.

A gasar tafiya mai nisa ta duniya, inda ake cin kilomita 160 a yini guda, likitan dabbobi kan tsayar da doki a zango-zango. In bugun zuciyarsa bai sauko 64 a minti ba, an fitar da shi ke nan, ko shi ne a gaba. Mu ma muna iya aunawa: sa yatsa ƙarƙashin muƙamuƙinsa, ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau 4. Ka kuma tsunkuli fatar wuyansa ka saki; in ta daɗe ba ta kwanta ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

Mu yara mu ake miƙa wa linzami ran salla, kuma mu ne masu son a ga mun yi zamiya. Kafin ka sa ƙafa a likkafa, tambayi mai shi yaushe rabon dokin da kilisa. In ya ce tun ƙaramar salla, ka tsaya a takama, ko abokai za su yi maka dariya.