Kwamfutar hukuma, da wane harshe za ta yi magana?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da ita, wadda in babu ita sauran manhajoji ba sa motsi. A yawancin ofisoshinmu, daga Yamai har Damagaram, wannan manhaja Windows ce, mallakar kamfanin Microsoft na Amurka. Akwai kuma wata, Linux, wadda Linus Torvalds ya soma a 1991, wadda kowa ke da ƴancin duba cikinta, ya gyara, ya rarraba. Ra'ayina shi ne ya kamata hukumominmu su soma komawa gare ta, kuma hujjata ta harshe ce kafin ta kuɗi.

Wasu sun riga sun gwada. Jandarmomin Faransa sun ɗauki shekaru suna mayar da dubban kwamfutocinsu kan wani samfurin Ubuntu da suka gyara wa kansu, mai suna GendBuntu. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux. Su abin da ya dame su shi ne kuɗin lasisi da tsaron bayanan hukuma. Mu muna da wannan damuwa, muna da ƙari a kanta.

Tun 1999 ƙasarmu ta tsayar da ƙa'idojin rubuta Hausa, a 2025 kuma aka ayyana ta harshen ƙasa. Amma a je ofishi a nemi ɓ ko ɗ ko ƙ ko ƴ a kan allon bugun rubutun da muka gada daga Faransanci, a gani. Sakatare ya rubuta baki alhali baƙi yake nufi, ya rubuta kafa a wurin ƙafa. Sunayen mutane da na garuruwa suna shiga takardun hukuma ba lanƙwasa, Maraɗi ma ba ta tsira ba. Gaskiya ne Microsoft ya fassara Windows zuwa Hausa, sai dai shi ya zaɓi lokacin, shi ya zaɓi kalmomin. Zabarmanci da Barbarci da Tubanci fa, wa zai jira musu ranar da ɗan kasuwa zai ga riba a cikinsu? A manhaja mai ƴanci, kalmomin da ke fitowa a fuskar na'ura suna ajiye a fili. Malami da ɗalibansa za su iya fassara su, su tsara allon bugu, su haɗa ƙamus mai gyara kuskuren rubutu, ba tare da neman izinin kowa ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Birnin Munich ya shafe kusan shekara goma yana mayar da kwamfutoci wajen 15,000 kan Linux, sannan a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows. Cikin koke-koken da aka yi har da wahalar musayar takardu da sauran hukumomi. Darasin shi ne umarni daga sama bai isa ba. Ma'aikacin da ya shekara ashirin da abin da ya saba, in aka canza masa ba horo, ba mai gyara a kusa, zai ƙi sabon, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Don haka a bi sannu. A fara da makarantu da jami'o'i da ofisoshin rajistar haihuwa, a horar da masu gyara na gida, a wajabta ajiye takardun hukuma a tsarin da kowace manhaja ke iya buɗewa.

Kason da ya rage namu ne, mu ɗaliban kimiyyar harshe. Me za mu kira wurin ajiye takardu a cikin na'ura? Yaya za a faɗi sharewa da adanawa yadda Bagobiri da Badamagare da Ba'adare za su fahimta baki ɗaya? Waɗannan batutuwan kundin digiri ne, kuma suna jiran masu ɗauka. In hukuma ta buɗe ƙofa gobe, ta tarar ba mu tanadi kalmomin ba, kwamfutar za ta ci gaba da magana da Faransanci, ko da kuwa Linux ce a cikinta.