Kakin karnoba: rigar da ke kare fentin mota daga hunturu da bazara

Kowace safiya, a ƙofar gidaje da ma'aikatu na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, akan ga yaro ko mai gadi riƙe da busasshen tsumma, yana goge ƙurar da ta kwana bisa motar maigida. Mai motar yana ganin kulawa ce ake yi wa dukiyarsa, har yakan ba da tukuici. Alhali kuwa cikin ƙurar nan da iska ke kwasowa daga Hamada akwai ƙwayoyin rairayi waɗanda suka fi fentin mota tauri, ta yadda duk jan tsumma guda kamar an bi jikin motar ne da takardar gurzar katako. Bayan ƴan shekaru sai a ga kapo da rufi sun dushe, sun yi fari-fari kamar ƙafar yaro cikin hunturu.

Ranar da asarar ke fitowa fili ita ce ranar sayarwa. Ma'aikacin da ya ci bashin banki ya sayi mota, ko ɗan kasuwar da ya tsakuro kuɗinta daga jarinsa, in ya kai ta gaban dillali, kafin a buɗe kapo a dubi inji, jikinta ido ke fara faɗa wa, kuma daga nan ciniki ke tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗaya daga cikin hanyoyin rigakafi mafi sauƙi shi ne man gogin mota da ake yi da kakin karnoba, in har an san abin da yake iyawa da abin da ba ya iyawa.

Karnoba itaciya ce daga dangin giginya da goruba, mai faffaɗan ganye kamar mahuci. A arewa maso gabashin ƙasar Birazil take fitowa, musamman jihohin Piauí da Ceará, yankin da shi ma ya san fari da zafin rana. Don kada ruwan jikinta ya ƙone da rani, itaciyar takan rufe ganyenta da wani farin gari mai kaki. Manoma sukan sare ganyen da rani, su shanya shi, su bubbuge garin ya zubo, sannan a narka shi a tace. Wanda aka samo daga ƙananan ganyen da ba su buɗe ba shi ne mai launin ɗorawa mai haske, shi ne kuma mafi tsada. Na tsofaffin ganye ya fi duhu da araha. Aikin saran yana da wuya ƙwarai, har ma masu binciken ƙwadago na gwamnatin Birazil sun sha kuɓutar da leburori daga gonakin da ake bautar da su.

Darajar kakin nan daga taurinsa take. Kakin zuma yana narkewa wajen digiri 62 zuwa 64 a ma'aunin Salsiyus, shi kuwa na karnoba sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86. Saboda haka ne masana'antu suka daɗe suna nemansa. A shekarar 1935, shugaban kamfanin Johnson na Amurka, mai yin man gogin daɓe, ya tashi da ƙaramin jirgin sama takanas har birnin Fortaleza don ya ga itatuwan da idonsa. Kakin yana shiga man gogin takalmi, ana kuma shafa shi bisa alewa da ƙwayoyin magani don su yi sheƙi. Duk kwalin da aka ga an rubuta E903 cikin jerin kayan haɗinsa, to shi ne.

Kafin a gane amfaninsa ga mota, sai an san yadda fentin yake. Yawancin motocin da aka ƙera daga shekarun 1980 zuwa yau hawa-hawa ake fentinsu: akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, akwai mai launi, sannan daga sama akwai wani marar launi kamar gilashi, wanda masu fenti ke kira werni. Shi ke ba da ƙyalli, shi ke tare hasken rana, amma kaurinsa bai kai na silin gashi ba. In ya ƙare ko ya fara ɓarewa kamar saɓar maciji, babu man da zai maido shi, sai dai a koma wurin mai fenti, kuma kuɗin sabon fenti ya ninka na gwangwanin kaki sau da yawa.

Aikin kaki shi ne ya zama riga bisa wernin. Yana cike ƙananan ƙarce-ƙarce ta yadda haske zai dawo sumul, shi ya sa baƙar mota ko ja takan yi wani zurfin launi bayan an goge ta. Yana sa ruwa ya dunƙule ya gangara, yana rage wa ƙura da laka kamu, yana kuma ba mai mota ɗan lokaci ya wanke kashin tsuntsu ko na jemage da danƙon itace kafin su ci fenti. Rigar ce ke tsufa a madadin fentin, in ta ƙare a sa wata. Amma ba ta ɗinke ƙarce mai zurfi, ba ta maido launin da rana ta cinye. Wannan aikin wani man ne daban mai gurza, wanda ke kankare ɗan saman werni. Shi kuwa ba a yawaita shi, tunda duk gurza guda ragi ce daga abin da dama bai da yawa.

A kula da abin da aka rubuta bisa gwangwani. Zallan karnoba tauri gare shi, sai a farfasa shi kamar ƙanƙara, ba ya shafuwa. Dole sai an haɗa shi da mai da sinadaran da ke tausasa shi. Saboda haka in an ga an rubuta karnoba ɗari bisa ɗari, abin nufi shi ne kakin da ke cikin haɗin duk na karnoba ne, ba wai gwangwanin cike yake da shi ba. Akwai mai kauri kamar man kaɗe, akwai mai ruwa-ruwa, akwai na fesawa. Na fesawa ya fi sauƙin aiki, ya kuma fi saurin gushewa.

Shafa kaki bisa mota mai datti, da muguwar rawa gara ƙin tashi, don rairayin za a murza cikin fenti. Sai a kai motar inuwa, da sassafe ko da marece, lokacin da ƙarfen ya huce. A fara kwarara mata ruwa ƙurar ta sauka kafin hannu ya taɓa ta. A wanke daga sama zuwa ƙasa da sabulun wankin mota da soso mai laushi, da bokiti biyu: ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso. Garin sabulun wankin tufafi da masu wankin mota da yawa ke amfani da shi yana da ƙarfin da zai cire kaki da wuri. Bayan an tsane ruwan sarai, sai a lakato kakin kaɗan, a shafa shi siriri, gefe-gefe: kapo, sannan ƙofa guda, sannan ta gaba. Yawan lafta shi ba ya ƙara kariya, sai dai wahalar gogewa. In an jira ƴan mintoci ya yi hazo-hazo, a ja yatsa bisa wurin. In ya fita fes, lokacin gogewa ya yi, da tsumma mai laushi mai tsabta, ana juya shi. A kauce wa baƙar robar da ba a yi wa fenti ba, don kakin yakan bar mata farin tabo, a kuma kauce wa gilashin gaba. Motar da ta fito daga wurin mai fenti kuwa, a bar ta wata guda zuwa uku fentin ya gama bushewa.

Saura batun daɗewa, kuma nan ne yanayin Nijar ya bambanta da na ƙasashen da ake haɗa man. Can ma kakin karnoba bai cika wuce wata biyu zuwa uku ba. Nan kuwa, cikin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, kapon baƙar motar da ta yini a rana yana iya wuce digiri 70, ga kuma yawan wanki saboda ƙura. Alamar da ba ta ƙarya ita ce ruwa: in an watsa shi ya tsaya ƙwaya-ƙwaya, rigar tana nan, in ya baje ya kwanta, ta ƙare. Abin da ya dace shi ne a shafa a farkon hunturu, a sake kafin bazara, a sake da faɗuwar damana, a kuma ƙara tsakani duk sa'ad da ruwa ya nuna.

Wanda ba shi da sukunin wannan hidima, akwai man da ake haɗawa da sinadarai zalla, wanda yakan kai wajen wata shida, akwai kuma rufin da ake kira seramik, mai kai shekaru, amma da tsada. Karnoba ya fi su taushin ƙyalli da sauƙin aiki a gida, su kuma sun fi shi jure zafi. Kowanne aka zaɓa, kariyarsa daga hasken rana kaɗan ce in aka gwada da ta inuwa. Rumfar kwano ko ta zana a tsakar gida tana yi wa fenti abin da gwangwani ba ya yi; gindin bedi ma inuwa ce, in dai za a riƙa wanke abin da tsuntsaye suka zubo a ranar.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mai mota ya fara da abin da ba ya cin ko dala: ya karɓe busasshen tsumman nan daga hannun yaro, ya ba shi bokitin ruwa. In an yi haka, aka nemi inuwa, aka bi da kaki kan lokaci, to ranar da dillali ya zagaya motar, sai ya nemi aibi wani wurin. Allah ya tsare dukiya, ya kiyaye hanya.