Sharhi: Wa ke cin kaso mafi tsoka na makamashin Najeriya?



Da zarar an tayar da zancen makamashi a ƙasar nan, sai hankalinmu ya tafi gidan mai ko ga wutar lantarki. Masana kuwa idan suka zauna lissafi, rabawa suke yi: ga abin da gidaje suka ƙona, ga na sufuri, ga na masana'antu, sai na shaguna da ofisoshi, da ɗan abin da noma ke ɗauka. A China masana'antu ne ke kan gaba. A Amurka sufuri ne. A Najeriya gidaje ne, kuma mafi yawan kason nasu itace ne da gawayi.

Wanda ke shakka, ya tsaya bakin hanyar shiga Kano ko Kaduna da sassafe, ya ga motocin itace da buhunan gawayi da aka labta har sun rinjayi mota. Duk ƙarƙashin tukunya za su ƙare. Uwargida ce ke durƙuso gaban murhu tana hura ɗanyen ice, goyo a bayanta, hayaƙi na shiga idonsu da ƙirjinsu, ga shi yawancin zafin wutar ta gefen tukunya yake zurarewa a banza. Kananzir ya daɗe da fin ƙarfin talaka. Gidaje da dama da suka koma gas, tsada ta sa sun jingine tukunyar gas ɗin a lungu sun nemo kurfoti.

Sufuri shi ne ɗan lelen gwamnati, domin shi ke da baki. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, ƙasa ta ɗauka. Sai dai ba duk man da aka saya ne ke shiga tankin mota ba. Mai aski da mai walda da mai cajin waya jarka suke kaiwa don janareta, manomin rani a Kura ko Kadawa kuma don injin ban ruwa. Wato rashin lantarki ne ke ɓuya cikin lissafin fetur.

Kason masana'antu ƙarami ne, kuma wannan ba abin murna ba ne. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, wutar da ke bin manyan layukanta da ƙyar take wuce megawat 5,000. Masaƙun Kakuri sun yi shiru tuntuni. Kamfanonin da suka rage a Sharada da Bompai da Challawa da baƙin mai suke cike giɓin wutar, kuma a Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, tun 2020 aka aza harsashinsa.

Lantarki na da ministansa, fetur na da nasa, gas ma haka. Murhu fa? Abin da mai girki ta fi ji daga hukuma shi ne a daina sare itatuwa. Gaskiya ne hamada na matsowa a Yobe da Jigawa da Katsina, amma wanda ya hana ta ice, sai ya faɗa mata da me za ta dafa tuwon dare, da kuma nawa zai ci mata.