Sandar Sirdi Mai Hawa da Sauka: Ƙawa ce ko Larura?

Duk wanda ya taɓa kai keke wurin mai gyara don a daidaita masa sirdi ya san yadda akan yi. A kwance noti da sifana, a ɗaga sandar da ke riƙe da sirdin ko a nutsar da ita, a auna da ƙafar mai keken, sa'an nan a ɗaure tamau. Daga ranar sirdi ya sami mazauni ke nan, ba ya sake motsi sai in keken ya sauya hannu. Wannan tsari ya wadatar da mai zuwa kasuwa da ɗan makaranta, domin hanyarsu shimfiɗaɗɗiya ce. Amma akwai wasu mahaya, musamman a Amurka da Turai, waɗanda suka mai da hawan keke cikin duwatsu da dazuzzuka wasansu, suna bin turba mai hawa da gangara, cike da saiwoyi da tsakuwa. Su kam tsayi ɗaya bai ishe su ba. Don haka aka ƙera wata sandar sirdi wadda mahayi kan sauke ko ya ɗaga yana cikin tafiya, da latsa ɗan maɓalli kurum. An daɗe ana gardama a kanta. Wasu na cewa ƙawa ce ta masu abin hannu, wasu kuwa na cewa mafaka ce ta waɗanda ba su ƙware ba. Gaskiyar magana ita ce, ga mai bin irin wannan turba, sandar nan larura ce.

Kafin a yanke hukunci ya kamata a gane matsalar da aka so a warware. Jikin mahayi yana bukatar abu biyu daga sirdi, kuma biyun ba sa ga maciji da juna. A lokacin hawan tudu, ana son sirdi ya yi sama, har ƙafa ta kusa miƙewa sa'ad da feda ta kai ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan. A haka ne cinya ke ba da ƙarfinta duka. In sirdin ya yi ƙasa, nan da nan cinyoyi su gaji, in kuwa aka daɗe ana yi gwiwa ta kama ciwo. To amma da an kai ƙololuwa aka fuskanci gangara, sai al'amari ya juye. A nan mahayi ba zama yake yi ba. Tsayawa yake yi a kan feda, gwiwoyi da gwiwar hannu a lanƙwashe, kamar yadda mai sukuwa kan tashi a kan likkafa ya bar doki ya yi motsi a ƙarƙashinsa. Yana son ya rusuna, ya kai nauyinsa ƙasa, keken ya riƙa tashi da faɗuwa bisa duwatsu ba tare da ya bangaje shi ba. Sirdin nan da ya yi masa rana a hawa, yanzu shi ya tsaya masa a tsakanin ƙafafu. Da tayar baya ta taka dutse sai ya doke shi daga ƙasa, ya tura nauyinsa gaba. In aka yi rashin sa'a tayar gaba ta cije a rami a daidai lokacin, sai mahayi ya wuntsila ta saman kan keken, ya sauka da ka ko da kafaɗa. Karayar ƙashin wuya, watau allon da ke tsakanin kafaɗa da ƙirji, sananniya ce a wannan wasa, kuma irin wannan faɗuwa na cikin abubuwan da ke jawo ta.

Matsalar ta girmi maganinta da shekaru. Wasan ya yi tashe ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya, inda samari irin su Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly suka riƙa gangarowa daga tsauni a kan tsofaffin kekuna masu kaurin taya. A shekarar 1976 suka fara wata tsere da ake kira Repack, a kan hanyar ƙasa mai tsawon kamar mil biyu wadda ke gangarawa wajen ƙafa 1,300. Sunan ya samo asali ne daga yadda birkin baya kan yi zafi har giris ɗinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani. Tun a zamanin mahaya suka gane cewa sirdi na son saukewa kafin gangara, sai dai dole mutum ya tsaya, ya sauka, ya kwance, ya ɗaure, in ya kai ƙasa ya sake. A 1984 Joe Breeze da Josh Angell suka fito da wani ɗan sifirin mai suna Hite-Rite, wanda kan maido da sirdi mazauninsa bayan an danne shi. Dabara ce mai kyau, amma sai mahayi ya saki kan keke da hannu ɗaya ya kai ƙasa ya buɗe maɗauri, abin da ba kowa ke iyawa a kan turba mai gargada ba. A 2003 aka fito da Gravity Dropper a jihar Montana, wadda ake sarrafawa daga kan keke. A 2010 kamfanin RockShox ya kawo Reverb mai aiki da mai da iska, wadda kan tsaya a duk tsayin da aka ga dama. Daga nan abu ya bazu.

Yadda take aiki ba wuya. Sanda biyu ce, ƙarama a cikin babba, da ɗan maɓalli a gefen hagu na kan keke inda babban yatsa ke kaiwa. In mahayi ya hango gangara sai ya latsa, ya zauna da nauyinsa, sirdi ya nutse, ya saki maɓallin, ya kulle a nan. In ya zo hawa sai ya ɗan tashi ya sake latsawa, iskar da ke matse a ciki ko sifirin ya cillo sirdin sama. Yawancin irin na yanzu kan nutse tsakanin milimita 100 zuwa 200. Duk wannan ba ya ɗaukar fiye da ƙiftawar ido, kuma hannu bai bar kan keke ba, yatsa bai bar birki ba.

To, me masu suka ke cewa? Magana ta farko ita ce ta ƙwarewa. Suna cewa mahayan da can sun gangaro duwatsu da sirdi a sama, ba su mutu ba. Haka ne, amma a dubi yadda suke yi. Sukan ja jikinsu can baya, su tsallake sirdin, hannuwa a miƙe sambal, ciki ya kusa taɓa sirdi. A wannan hali tayar gaba ta rasa nauyi, ga shi kuwa ita ce mai juya keke, kuma birkinta ne ya fi kamawa. Hannun da ya riga ya miƙe ba shi da sauran abin bayarwa in tayar gaba ta faɗa rami. Ashe abin da ake kira ƙwarewa, dabara ce ta kauce wa cikas. In an kau da cikas ɗin, mahayi na iya tsayawa a tsakiyar kekensa, nauyi a kan tayoyi biyu, ya kwantar da keken a kwana yadda yake so. Ƙwarewa ba ta tafi ko'ina ba, wurin zama ta sauya. Har yanzu sai mutum ya iya karanta turba, ya san lokacin taka birki da lokacin saki, ya kuma koyi sauke sirdi tun kafin ya shiga gangara, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Magana ta biyu ita ce ta nauyi. Gaskiya ne sandar nan ta fi ta gargajiya nauyi da wasu ɗaruruwan giram, kuma wannan ne ya sa 'yan tseren ƙetare daji, masu ƙirga kowane giram, suka fi kowa daɗewa suna ƙin ta. Amma da aka riƙa tsananta filayen tsere da duwatsu da tsalle-tsalle, su da kansu suka rungume ta, don sun ga lokacin da ake samu a gangara ya ɗara wanda ake asara a hawa. Hujjar da ta fi ba da mamaki ma ba daga daji ta fito ba. A watan Maris na 2022 Matej Mohorič, ɗan ƙasar Silobeniya, ya shiga tseren Milan zuwa San Remo a Italiya, tsere ta kan kwalta mai tsawon kusan kilomita 300, da irin wannan sanda a kekensa. Da aka kai tudun ƙarshe, wanda ake kira Poggio, sai ya sauke sirdinsa, ya tsere wa abokan hamayya a kwanonin gangara, bai bari sun cim masa ba har ya ci. Wanda ya ɗauki ƙarin nauyi na tsawon yini guda don amfanin 'yan mintoci, ya san abin da ya taka.

Magana ta uku ita ce ta kuɗi da wahalar kulawa, kuma a nan masu suka suna da gaskiya. Sandar ƙarfe ta gargajiya ba ta lalacewa sai dai ta yi tsatsa. Wannan kuwa na'ura ce mai motsi. Ƙura da laka kan ci robobin da ke toshe ta, waya kan saki, a wasu kuma iska kan gauraya da mai har sirdi ya riƙa lotsawa in an zauna. Tana son a goge ta bayan kowace fita, a kai ta gyara lokaci lokaci, kada kuma a ɗaga keke ta sirdi alhali yana sauke. Wajen saye ma sai an lura, domin kaurin ramin da take shiga ya bambanta, akwai mai milimita 27.2, da 30.9, da 31.6, da 34.9, kuma gajeren mutum da ya sayi mai dogon zango zai iske sirdi ya fi ƙarfin ƙafarsa in ya tashi. Kowane allazi da nasa amanu. Sai dai in aka ɗora kuɗin gyara a sikeli ɗaya, aka ɗora karayar ƙashi da makonnin jinya a ɗaya, ba sai an yi dogon lissafi ba.

Akwai kuma abin da masu suka kan manta. Ba gwanaye ne suka fi cin moriyar sandar nan ba, sababbin shiga ne. Gwani yana da dabarun da zai fid da kansa. Ɗan koyo kuwa tsoro ne ke fara kayar da shi: ya ga gangara, jikinsa ya sandare, ya damƙe birki, ya tashi sauke ƙafa ƙasa ta yi masa nisa. In sirdi na ƙasa, ƙafarsa na kaiwa ƙasa cikin sauƙi, hankalinsa ya kwanta, ya sami damar koyo. Mutum nawa ne faɗuwar ranar farko ta raba su da wasan har abada?

Saboda haka hukuncin ya danganta ne ga hanya. Mai keken da ke ɗaukar buhu zuwa kasuwa a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba shi da bukatar wannan na'ura, noti da sifana sun ishe shi, kuma ɓarnar kuɗi ce a sayar masa da ita. Amma wanda turbarsa ke hawa da gangara sau ashirin a cikin awa guda, a da zaɓi biyu gare shi: ko dai ya riƙa tsayawa yana kwance sirdi, ko ya ɗaure shi a tsaka-tsaki ya cutar da gwiwarsa a hawa ya kuma sayar da ransa a gangara. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. A nan dai an sami hanyar tauna su ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya ƙi ta don kada a ce bai ƙware ba, girman kai ne ya hana shi, ba hujja ba.