BIRNIN SIN YA ISO GWAGWALADA

A zamanin da, idan Bahaushe yana so ya kwatanta wuri mai nisan gaske, sai ya ce Birnin Sin. Yau kuwa Birnin Sin ne da kansa ya yi tattaki ya iso ƙofar gida. Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko, ko Badun, ko Anacha, ko Fatakwal, wanda ya kama hanyar gida da Salla, in ya bar Lakwaja ya haye Kwara, ya wuce Abaji da Kwali, sai ya ratsa Gwagwalada kafin ya kai Zuba. To, a ƙasar Gwagwaladan nan ne, cikin watan Agusta na 2023, Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashin wata babbar tashar lantarki ta kamfanin mai na ƙasa, NNPC, wadda aka tsara za ta fara da megawat 350, daga baya ta kai 1,350. Wani kamfanin gwamnatin Sin, CMEC, shi ne aka ba kwangilar ginin, kamfanin GE na Amurka kuma ya kawo injuna. Iskar gas ɗin da za ta juya su za ta zo ne ta bututun da ya taso daga Ajakuta ya nufi Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu fiye da yadda ake zato. Da yawa daga cikinsu rufe masana'antun Kakuri da Bompai da Sharaɗa da Calawa ne ya raba su da gida, rashin wuta kuwa yana cikin manyan abubuwan da suka kashe masana'antun nan. Duk aikin da zai iya mai da wuta Arewa, aiki ne da zai iya mai da magidanci kusa da iyalinsa. Saboda haka ya wajaba a san ko wane ne abokin cinikin, kuma babu abin da zai bayyana halin Sinawa a wurin ciniki kamar tarihin wahalar da su kansu suka sha a hannun baƙi.

A farkon ƙarni na 19 Ingila tana sayen ganyen shayi da siliki da tangaran daga Sin, alhali Sinawa ba su da bukatar kayan Ingila, sai azurfa kawai suke karɓa. Da fataken Ingila suka ga azurfarsu tana ƙarewa, sai suka shiga safarar ofiyam daga Indiya, wata muguwar aba mai sa maye wadda ke nakasa mai shanta. A 1839 Sarkin Sin ya aiki wani hakiminsa mai suna Lin Zexu zuwa Kanton, ya ƙwace sanduƙi fiye da 20,000 na ofiyam ya lalata. Ingila ta amsa da jiragen yaƙi. A 1842 aka tilasta wa Sin ta sa hannu a yarjejeniyar Nanjin: ta ba da tsibirin Hong Kong, ta buɗe tashoshin jiragen ruwa 5, ta kuma biya dalar azurfa miliyan 21, har da kuɗin ofiyam ɗin da aka lalata. Watau an cuce ta, sa'an nan aka sa ta biya ladan cutar.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amurka da Faransa suka zo suka nemi irin wannan gata a 1844, aka ba su. A 1860 sojojin Ingila da na Faransa suka shiga Bejin, aka washe fadar shaƙatawar sarki da ke bayan gari, aka cinna mata wuta. A 1895 Japan ta ci Sin da yaƙi ta karɓe Taiwan. A 1900 talakawa suka yi bore a kan baƙi, ƙasashe 8 suka haɗa runduna suka murƙushe su, kuma a 1901 aka ɗora wa Sin tarar awon azurfa miliyan 450, kusan awo ɗaya a kan kowane mutum guda na ƙasar, za a biya cikin shekara 39 da ruwa a kai. Shekara biyu bayan wannan ne sojojin Lugga suka shiga Kano da Sakkwato, saboda haka labarin ba baƙo ba ne a kunnen jikokin waɗanda suka ga 1903.

Abin lura a nan shi ne, igwa ta yi aikinta ta koma gida, amma takarda ce ta riƙe Sin kusan shekara ɗari. Yarjejeniyoyin nan sun hana Sin yanka kuɗin fito yadda take so a kan kayan da ke shigowa ƙasarta. Sun hana alƙalanta hukunta baƙon da ya yi laifi a cikin garuruwanta. Hukumar kwastan ɗinta ma wani mutumin Birtaniya ne, Robert Hart, ya shugabance ta tun daga 1863 har shekara fiye da 40, kuma kuɗin da take tarawa su ne jinginar bashin da baƙi ke bi. Sarki yana kan gadonsa, tuta tana kaɗawa, amma mabuɗin baitulmali yana aljihun wani.

Sarautar ta faɗi bayan juyin 1911, aka kafa jamhuriya, duk da haka wulaƙancin bai ƙare ba. A 1919, a taron sulhu na Faransa, manyan ƙasashe suka miƙa wa Japan gatan da Jamus ke da shi a lardin Shandong, ko da yake Sin tana cikin waɗanda suka yi nasara a yaƙin. Ran 4 ga Mayu na shekarar nan ɗalibai suka fito zanga-zanga a Bejin, wakilan Sin kuma suka ƙi sa hannu. Japan ta mamaye Mancuriya a 1931, ta faɗa wa sauran ƙasar a 1937, mutane miliyoyi suka halaka kafin 1945. Sai ran 1 ga Oktoba 1949 Mao Zedong ya yi shelar kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin.

Darasi na biyu daga aboki ya zo. Tarayyar Sobiyet ta ba sabuwar gwamnatin rance da injuna da gwanaye, aka kafa masana'antu masu yawa. Da shugabannin ƙasashen biyu suka ɓata, sai a 1960 Sobiyet ta janye gwanayenta fiye da 1,000 cikin 'yan makonni, aka bar ayyuka rabi da rabi. Hakan ya faru ne ana tsakiyar yunwar 1959 zuwa 1961, wadda kuskuren shugabannin Sin da kansu ya jawo, ta kashe miliyoyin manoma. Daga nan Sinawa suka gane cewa injin da ba ka iya gyara shi ba, naka ne da suna kawai. Nijeriya ma tana da nata shaidar a daidai inda bututun gas ɗin Gwagwalada ya taso: masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, wadda aka ba wani kamfanin Sobiyet kwangilarta a 1979, aka shafe shekara fiye da 40 babban murhunta bai narka tama ba.

Saboda haka da Deng Xiaoping ya buɗe ƙofa ga jarin waje daga 1978, da sharaɗi ya buɗe ta. An yi dokar haɗin gwiwa a 1979, aka keɓe yankuna irin su Shenzhen a 1980, kuma a manyan sana'o'i kamar ƙera mota ba a yarda baƙo ya tsaya shi kaɗai ba sai da abokin tarayya ɗan ƙasa. A 2004, da Sin ta tashi sayen jiragen ƙasa masu gudun tsiya, ta gaya wa kamfanonin Japan da Faransa da Jamus cewa duk mai son kwangila sai ya miƙa fasaharsa, a kuma ƙera mafi yawan jiragen a cikin Sin. Suka yarda, domin kasuwar ta fi ƙarfin a ƙi ta. Ba a yi shekara 10 ba sai ga Sin tana takara da malamanta a kasuwannin duniya. Hong Kong kuwa ta koma hannunta a 1997, bayan shekara 155 da yarjejeniyar Nanjin.

Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin ran 10 ga Fabrairu 1971, zamanin Janar Yakubu Gowon. A watan Oktoba na shekarar ta jefa ƙuri'a tare da wasu ƙasashen Afirka masu yawa aka ba gwamnatin Bejin kujerar Sin a Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙuri'a 76 a kan 35. Gowon ya ziyarci Sin a 1974, a lokacin da Sinawa ke shimfiɗa reluwe daga Tanzaniya zuwa Zambiya bayan Turawa sun ƙi aikin. Gaskiya ne kuma an ga amfanin wannan zumunci a nan gida. Kamfanin CCECC ya gina reluwen Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Ikko zuwa Badun da aka buɗe a 2021. Sinawa ne suka gina tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023, su ne kuma suka gina madatsar ruwa ta Zungeru mai megawat 700, a garin da Lugga ya taɓa yin hedikwata.

Amma fa zumunci daban, ciniki daban. Masaƙar UNTL ta Kaduna, wadda wani attajirin Hong Kong ya kafa a 1964, ta ciyar da dubban gidaje, amma a 2007 ta rufe ƙofa, atamfa mai araha daga Sin ta cika Kantin Kwari. A 2020 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya ta da ƙura a kan wani sharaɗi da ke cikin takardar rancen da aka ci daga bankin Sin a 2018, inda Nijeriya ta yarda ba za ta fake da kariyar 'yancin ƙasa ba idan aka kai ƙarar bashin. Masana shari'a suka ce irin wannan sharaɗi ana samunsa a rancen ƙasashe da yawa, kuma haka ne. Abin takaici shi ne wakilan jama'a ba su gan shi ba sai bayan an sa hannu da shekara biyu. A watan Agusta na 2024 kuma wata kotun Faransa ta ba da umarnin tsare jiragen sama 3 na fadar Shugaban Ƙasa, saboda rigimar wani kamfanin Sin da Jihar Ogun a kan wani yankin masana'antu. Bututun Ajakuta zuwa Kano shi ma, da aka ƙaddamar da shi a 2020, an sa rai bankunan Sin za su ba da mafi yawan kuɗinsa, rancen bai zo ba, dole NNPC ya ɗauki nauyin da kansa, aikin ya yi ta jinkiri.

Babu adalci a ce Sin ta zo da jiragen yaƙi kamar yadda aka je mata, domin ba ta zo da su ba, kuma bashin da Bankin Duniya da 'yan kasuwar lamuni na Turai ke bin Nijeriya ya fi nata yawa nesa ba kusa ba. Basine yana kare amfanin ƙasarsa ne yadda tarihi ya koya masa. Laifin yana kan wanda ya zauna ciniki da shi bai yi irin nasa shirin ba. Don haka akwai abubuwa huɗu da ya kamata jama'a su nema a kan tashar Gwagwalada da duk wani aiki irinta.

Na farko, a bayyana sharuɗɗan kwangila da na rance a gaban Majalisar Ƙasa kafin sa hannu, a san abin da aka jinginar, a san kotun da za ta yi hukunci in an sami saɓani. Abin da za a biya da kuɗin jama'a bai kamata ya zama asiri ga jama'a ba.

Na biyu, a rubuta koyar da sana'a cikin takardar, da adadi da wa'adi. Jami'ar Abuja a Gwagwalada ta fara zama, ga kwalejojin fasaha a Kaduna da Bida da Nasarawa, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Kowane injiniya baƙo ya kasance da ɗan ƙasa a gefensa, littattafan sarrafa injuna su zo cikin harshen da ma'aikata ke karantawa, kuma a ajiye kayan gyara a nan gida.

Na uku, a biya manoman da aka karɓi gonakinsu diyya cikakkiya a kan lokaci, 'ya'yansu kuma su sami aikin da ya wuce gadi da ɗaukar siminti. Ba daidai ba ne wuta ta bi ta saman ƙauye zuwa Maitama, ƙauyen yana kwana cikin duhu.

Na huɗu, a tsara tun da wuri yadda wutar da gas ɗin za su kai ga masana'antun Kaduna da Kano, a kuma tsare kan iyaka daga fasa-ƙwauri. In ba haka ba, za a sami wuta ne kawai domin a haska shagunan da ke sayar da kayan wasu.

'Yan Arewa mazauna Kudu suna da bakin magana a nan. Suna da ƙungiyoyi da sarakunan Hausawa a Agege da Idi Araba da Sabo ta Badun, suna da wakilai a majalisa daga mazaɓunsu na gida, kuma 'yan takara suna zuwa neman ƙuri'arsu duk lokacin zaɓe. Ya kamata duk wanda ya zo a tambaye shi ko ya ga takardar Gwagwalada da idonsa, a kuma tambaye shi yara nawa aka rubuta za a koya wa aikin. Sinawa sun yi shekara ɗari suna biyan kuɗin takardun da aka sa su sa wa hannu da bakin bindiga. Nijeriya kuwa babu mai riƙe da bindiga a kanta, alƙalami yana hannunta, kuma gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.