Ra'ayinmu: Girmama Malami Bai Hana Tambaya Ba

Ranar Talatar da ta wuce, lokacin tara, musu ya kaure tsakanin wasu 'yan aji biyar a gindin darbejiya. Ɗaya ya nuna hoton Shehinsa da ya manna a bangon littafi, ya ce shi ko takalmi ba ya sawa a gabansa. Ɗayan ya tuntsire da dariya ya ce wannan ai bautar mutum ce. Kafin a kaɗa ƙararrawa an riga an jefi juna da "ɗan bidi'a" da "marar tarbiyya". Har yau ba sa gaisawa, alhali benci ɗaya suke zama.

Mu a wannan kulob muna ganin kowannensu ya yi gaggawa. Kowa da irin gidan da ya tashi. A gidajen 'yan ɗariƙa, Kadiriyya ko Tijjaniyya, Shehu shi ke ba da wuridi, shi ke tarbiyyar zuciya, don haka almajiri kan durƙusa masa ya nemi albarka. A gidajen 'yan Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978, an fi sabawa a yi musafaha da malami, in ya yi fatawa a nemi aya ko hadisi. 'Yan uwanmu Kirista ma, yadda wani ke ɗaukar fada daban yake da yadda wani ke ɗaukar fasto.

In muka leƙa waje, bambancin ya fi haka. A Senegal, miliyoyin Muridawa kan taru a birnin Tuba duk shekara don tunawa da Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya rasu a 1927. A Indiya, almajiri kan sunkuya ya taɓa ƙafar malaminsa na addini, wanda suke kira guru. A wasu jami'o'in Amurka kuwa, ɗalibi kan kira malaminsa da sunansa na yanka, ba a ga laifi ba.

Kowace hanya tana da raminta. Wanda ya saba da "Malam ya faɗa" kawai, wata rana zai faɗa hannun mayaudari mai rawani, ya cinye masa kuɗi ko ya tura shi faɗa. Wanda kuma ya raina malamai, ya koma ɗaukar fatawa daga guntun bidiyo a TikTok, zai yi zaton ya gama karatu alhali ko Ahalari bai sauke ba.

Tarihinmu ya riga ya nuna mana mafita. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, har ya bi shi Agadas, kuma bai daina yabonsa ba. Amma da Malam Jibrilu ya tafi a kan cewa mai aikata manyan zunubai ya kafirta, Shehu bai bi shi ba. Ya rubuta cewa wannan ra'ayi ya saɓa wa Ahlus Sunna, ya kawo hujjojinsa, ya kuma nema wa malaminsa uzuri. Ladabin yana nan, tambayar ma tana nan.

Saboda haka muna roƙon 'yan uwa ɗalibai abu biyu. Kada mu yi wa ɗan ajinmu ba'a kan yadda yake gaida malaminsa. Mu tambaye shi abin da malamin ya koya masa. Malamin da ya koyar da gaskiya, riƙon amana da tausayin na ƙasa, ya cancanci girma ko daga wane zaure ya fito. Na biyu, in malami ya hana tambaya, ko ya sa mu ƙin maƙwabci, mu sanar da iyayenmu.

Malamanmu na IRK da CRK, muna roƙon ku shirya mana zama a kan wannan batu kafin jarrabawa. Ku kuma 'yan gindin darbejiya, gaba tsakanin 'yan uwa ba ta wuce kwana uku, ga shi yau kwana shida.

Mai ra'ayi daban ya jefa takardarsa a akwatin kulob, za mu manna ta mako mai zuwa.

Kulob ɗin 'Yan Jarida